Goyon Gunya

Kwana huɗu da haihuwarsa shawara ta kama shi,
ido ya yi ɗorawa, baki ya saki nono.
Da ta sake shi, sai shawarwari suka kama ni:
wannan ta ce hayaƙi, wancan ya ce rubutu,
wata gwaggo ta ja ni bayan ɗaki ta ce ɗan ruwa ne,
in kai shi bakin Kubanni in ajiye, kada in waiwaya.

Na waiwaya.
Shekara bakwai ke nan ina waiwaye, don a bayana yake.
Nafi'u, mai hannu a dunƙule kamar an ba shi ajiya,
mai ƙafafu a harɗe kamar almakashin babansa,
mai wuyan da kai ya fi ƙarfinsa.
Zani tara na kashe a goyo,
har ƙugu ya fara kai ƙarata wurin ƙashin baya.

A Shika, a layin masu jiran gashi,
Sista Rifkatu ta dafa ni:
"Asabar ki zo Samaru, ki tambayi filin Malam Tanimu."
Na ce, allura ce ko ƙwaya?
Ta ce, goɗiya.

Na yi dariyar da na daɗe ban yi ba.
Yaron da kujera ke kayarwa?
Amma na ɗaure shi, muka bi ta Kwangila,
iskar keke napep tana kaɗa masa yawu,
ni kuma ina lissafin kuɗin hanya.

Gunya sunanta. Ba ta da kyan gani.
Ƙuruciyarta ta ƙare a juya injin rake,
tana zagaye wuri guda har a dafa mazarƙwaila,
ga tabon igiya nan a ƙirjinta.
Malam Tanimu ya ce shi ya sa ya zaɓe ta:
wadda ta san zagaye ba ta gaggawar tafiya.

Ba sirdi. Bargo kawai, don ɗuminta ya ratsa shi.
Hular kwano ta rufe masa gira.
Mutum guda a gaba, biyu a gefe,
shi kuwa ya tsala ihun da ya tashi balbelu.
Na miƙa hannu in karɓe abina,
Sista ta ce, "Tsaya.

Ƙugunta ne zai faɗa wa ƙugunsa
abin da ƙafa ke yi in ana taku.
Hagu, dama, gaba, baya.
Bai taɓa jin labarin ba, bari a ba shi."
Na tsaya, ina cizon bakin mayafi,
ina ƙirga zagaye kamar mai jan carbi,
ɗaya bayan ɗaya.

Asabar ta huɗu almakashi ya buɗe.
Asabar ta shida ya saki ajiyarsa ya kama geza,
na ga tafin hannunsa, fari sol, da zanensa,
ashe babu komai ciki sai hannu.
Ta tara ce ba na mantawa:
ya ɗaga kai da kansa,
ya bi rimi da ido tun daga gindi har ƙarshen reshe,
ya ce mata, "Ta."
Tafi yake nufi. Ta kuwa ji, ta ɗaga ƙafa,
Malam Tanimu ya juya yana gyaran hula, wai ƙaiƙayin ƙeya.

Bai fara tafiya ba, kada in yi ƙarya.
Wataƙila ba zai yi ba; Sista ba ta yi min alkawari ba.
Amma jiya ya zauna a tabarma, ba matashi,
har na gama tankaɗen gari.

Ni dai abin da na samu a filin nan:
iska ta taɓa tsakiyar bayana,
kuma karon farko tun da na haife shi
na ga yadda fuskarsa take
in an goya shi ana tafiya.